Gawar Gwaggo Onyeche da Kujerar Agbenu

Ranar kasuwa ce, ina tsaka da auna wa wata mata garin rogo, sai ga motar Inalegwu ta tsaya a gaban rumfata. Ko gaisuwa babu, ya sauke gilashi ya ce, "Oyiwodu, ki gaya wa ƙanwarki ta daina wahalar da kanta. Kujerar majalisa bana ta 'ya'yan Obande ce. Ita kuwa tuni muka cinye akuyar aurenta, ta zama ta gidan miji."

Na ajiye mudu na ce, "Kai Inalegwu, ranar da aka yanka akuyar nan kana yawo da wando a hannu. Ni na miƙa maka guntun hanji don ka daina cika mana kunne da kuka."

'Yan kasuwa suka kwashe da dariya, ya ɗage gilashinsa ya fizgi mota. Amma dariyar ba ta sanyaya mini zuciya ba, don na san maganar ba tasa ba ce shi kaɗai. Inalegwu ɗan baffanmu ne na nesa, ɗan kwangila a Fatakwal, yaron da bai san hanyar gonar ubansa ba sai da ya ji ƙanshin zaɓe. Da bakin dattawan gidanmu ya ci wannan albasa, shi ya sa ya iya faɗarta a tsakiyar kasuwa.

Agbenu ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye ta. Mu 'ya'yan Obande ne, wannan gefen rafi. Ta yi aure a Adikwu, can tsallake, kamar yadda ni ma na yi, kamar yadda rabin matan gidanmu suke yi tun zamanin kakanni. Obande da Adikwu kujera ɗaya gare su a majalisar jiha, kuma tun da aka fara zaɓe aka shirya: wannan gefe ya yi zango ɗaya, ya miƙa wa wancan. Ko ɗan siyasar da ya fi kowa taurin kai bai taɓa gigin taka wannan shiri ba.

Zangon da ya wuce na Adikwu ne. Manyansu biyu suka kama rigima a kan tikiti har aka fasa wa ɗaya goshi da kwalba a ofishin jam'iyya. Da abin ya ishe mu, sai mu matan kasuwa da matan coci muka yi gayya muka je wa Agbenu, lokacin tana unguwarzoma a ƙaramin asibitinmu. Muka ce ta fito. Ta ce mun sha bammi ne da safe. Mijinta Itodo, Allah ya ji ƙansa, malamin makaranta ne mai sanyin hali, shi ya ce mata, "Ke da kika yanke cibiyar rabin samarin ƙasar nan, wa kike tsoro?" Mutanen Adikwu suka ce ai matarmu ce, tamu ce. Ta tsaya, ta ci.

Da ta je Makurdi, abokan aikinta Unguwarzoma suke ce mata don tsokana, tana amsawa. Ba ta iya dogon Turanci irin nasu ba, amma ta iya aiki. A lokacin wasu zauna-gari-banza sun ƙirƙiro sana'ar ɗaure igiya a kan hanyar kasuwa, duk motar doya ko rogo da ta zo sai ta tsaya an tatse ta. Wata rana Agbenu ta sauka daga motarta a gaban igiyar, ta ari adda a hannun wata mata mai dawowa daga gona, ta datse igiyar da kanta, ta nannaɗe ta a hannu kamar za ta je ɗebo ruwa a rijiya. Washegari ta shiga da ita zauren majalisa ta ɗora a kan tebur ta ce ga abin da ke hana doya araha. Daga nan igiyoyin suka ɓace. Ta kuma yi ta naci har aka fara gada a kan rafinmu, don ta sha karɓar mata masu naƙuda da aka tsallako da su a kan ƙyaure da damina. Ginshiƙai sun tashi, saura shimfiɗa ta sama, sai zango ya zo ƙarshe. A tsakanin nan kuma Itodo ya rasu.

Adikwu ba su yi butulci ba, kar in ɗauki alhakinsu. Sun yanka mata sa, sun yi rawa, sun ce sun gode. Sannan suka ce rabonmu ya ƙare, kujera ta haye rafi. Agbenu ta ce ba laifi, ai inda ta haye ɗin gidan ubana ne, zan bi ta can.

Shugaban jam'iyya ya wanke hannunsa, ya ce duk wanda ojila ta Obande ta nuna, shi ne mai tikiti. Ojila kuwa taron maza ne a gindin loko, mace ko tari ba ta yi a ciki. Don haka muka ɗauki tulun bammi da goro muka je wa Baba Ejembi, wanda ya fi kowa shekaru a Obande, wanda kuma in ya yi magana a ojila an gama. Muka same shi yana feraye irin doya a inuwar rumbu. Agbenu, 'yar majalisa guda, ta zube a ƙasa kamar sabuwar amarya.

Ta ce, "Baba, na zo neman kujerar gidan ubana."

Ya ajiye wuƙarsa ya ce, "'Yata, aikinki ko makaho ya gani. Amma kin ci rabon Adikwu a matsayin matarsu. In kika ci namu ma, Adikwu sun ci sau biyu ke nan, mu muna kallo. 'Ya'yanki sunan wa suke amsawa?"

Kafin ta amsa na riga ta. Ni dama shiru ba halina ba ne. Na ce, "To Baba, ita 'yar ina ce? Can sun ce ta koma gida, nan kun ce ta koma can. A tsakiyar rafi za ta kafa bukka?"

Ya ce, "Oyiwodu, bakin nan naki tun kina yarinya yake gaba da ke. Ku tashi ku je. Bammin kuma na gode."

A hanyar komawa na yi ta zazzaga masifa, na zagi Inalegwu, na zagi motarsa, na zagi har wanda ya sayar masa da ita. Har muka iso bakin ruwa, muka tattare zannuwa za mu shiga. A nan Agbenu ta tsaya kusa da ginshiƙin gadar, sai na ga hawaye. Rabon da in ga kukanta tun ranar da aka binne Itodo.

Ta ce, "Yaya, da a ce na tsaya ne na faɗi, wallahi ba zan damu ba. Amma a dubi idona a ce ba ni da gidan uba? Ga kabarin babanmu can a bayan ɗakinsa, ni nake share shi duk Kirsimeti."

Tausayinta ya kama ni, na riƙe hannunta muka shiga ruwa.

Ana cikin haka, ojila ba ta kai ga zama ba, sai Gwaggo Onyeche ta rasu. Yayar babanmu ce, an kai ta Adikwu tun ba a haife ni ba, a can ta haihu, a can ta yi jikoki, a can haƙoranta suka zube. Babban ɗanta Ogwuche, tsohon soja, ya gina mata ɗaki mai rufin kwano a gidansa, kuma da ta cika sai ya sa aka haƙa mata rami kusa da na ubansa. Ya san abin da yake yi bai halatta ba, ya dai gwada sa'arsa ne. A wurinmu mace ko ta tsufa tukuf a gidan miji, gawarta ta gidan ubanta ce, can za ta kwanta tare da alekwu, kakannin da suka riga mu.

Labarin ramin na isa Obande, maza suka yi ɗamara. Suka yafa jan zane mai ratsin baƙi, suka haye rafi a jere, Baba Ejembi a goye a bayan jikansa. Mu muna can gidan makoki muna tuƙa miyar okoho mai yauƙi, sai muka ga sun shigo fuska ba annuri.

Ogwuche, ƙaton mutum mai furfura, ya durƙusa a gabansu. Ya ce, "Kawunnaina, ku ji tausayina. Ku bar mini ita a nan, in riƙa buɗe taga ina ganinta. Duk abin da al'ada ta ce in bayar zan bayar."

Kafin wani dattijo ya buɗe baki, Inalegwu ya yi wuf ya karɓe lasifika daga hannun mai kiɗa. Ga jama'a cike da rumfuna, ga zaɓe na tafe, ina zai bar wannan dama? Ya gyara zanensa da ko ɗaura shi bai iya ba, ya ɗaga murya.

"Mutanen Adikwu, ku saurara! Aure aro ne. Mun ba ku aron 'yarmu, ta haifa muku, ta yi muku noma, mun gode. Amma 'yar Obande ba ta zama ta kowa, ko ta shekara ɗari a gidan miji. Jininmu ce jiya, jininmu ce yau, gida za ta koma!"

Mazan Obande suka ɗauki sowa, wasu har da buga ƙafa. Baba Ejembi ya gyaɗa kai. Ni haushi ne kawai ya cika ni, ina cewa a raina ji ɗan banza, gwaggon da ko lemo bai taɓa kai mata ba. Na juya in faɗa wa Agbenu haka, sai na ga ta tsayar da muciya tana kallonsa, ko ƙiftawa ba ta yi. Na ce lafiya? Ta ce, "Miyarki za ta kama, Yaya."

Inalegwu ya ɗauko hayar motar gawa, har da hotonsa manne a jiki, amma mota ba ta da hanyar hayewa. Dole samarin Obande suka ɗauki akwatin a kafaɗa suka shiga ruwa har ƙirji. Ogwuche da ƙannensa suna biye a baya kamar waɗanda aka yi wa fashi.

Washegari da hantsi aka taru a bayan gidan kakanmu. Fada, limamin coci, ya yi addu'arsa ya yayyafa ruwa ya koma gefe. Saura abu ɗaya kafin a saka ta. 'Ya'ya mata na gidan, na kusa da na nesa, mukan kewaye akwati, kowace ta ɗora hannu ta yi sallama, ta ba da saƙo a kai wa nata da suka tafi. A wannan lokaci namiji ba ya katse mace, ko sarki ne, don ba da masu rai take magana ba. Yawanci dai kuka ne da 'yan saƙonni, a gai da Inna, a ce wa wane ɗansa ya yi aure. Maza sukan yi ta hamma suna jiran a gama.

Da aka zo kan Agbenu, ta ɗora tafinta a kan akwatin. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba, amma muryar unguwarzoma ce, ta saba ratsa ihu.

Ta ce, "Gwaggo, sannu da zuwa gida. Kin ga irin tarbar da aka yi miki? Jiya na ji da kunnena an ce ke 'yar gida ce, ba ki taɓa zama ta kowa ba. Na taya ki murna, ko da yake ba a faɗa miki ba lokacin da kunnenki ke ji. Gwaggo, in kin isa ki gai da babanmu. Ki ce masa Agbenu ta ce kar ya jira ta. An ce mini an cinye akuyata, ni 'yar Adikwu ce yanzu. To na yarda, ba na jayayya da iyayena. Na riga na gaya wa 'ya'yana, in ta Allah ta kasance su binne ni a can. Kar a wahalar da samarin Obande da shiga ruwa saboda baƙuwa."

Sai a lokacin kaina ya ɗauki haske. Na rantse ba ta gaya mini komai ba, kuma har gobe ina jin haushin hakan. Na ture matar da ke gabana na ɗora hannuna.

Na ce, "Gwaggo, ni ma ki gaya wa babanmu haka. Tawa akuyar ma ta riga tata shiga ciki. Kar ya ajiye mini wuri."

Inalegwu ya yi tsalle ya ce, "Baba, wannan ai siyasa ce! A hana su!"

Wani tsoho ya maka masa sanda a ƙwauri ya ce, "Rufe mana baki, da kai ake?"

Bayana sai Inna Aladi, tsohuwar da sai an riƙe ta take tafiya. Ta lalubo akwatin ta ce, "Onyeche ƙawata, da na ce ina nan tafe bayanki mu ci gaba da hira. To ashe ba rabo. Ki gai da su." Daga nan abin ya ɓalle. Mata suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, masu goyo da masu sanda, na Adikwu da waɗanda aka aurar har Otukpo, kowace saƙonta ɗaya: kar a jira ni. Wasu suna faɗa suna kuka na gaske, don abin ya daɗe yana cin su ba su san sunansa ba. 'Ya'yan Baba Ejembi mata su uku suna cikin layin. Ta ƙarshensu, autarsa, da ta ɗora hannu, ba akwatin take kallo ba, shi take kallo.

Da mata suka ja baya, masu igiya suka matso za su saka akwati a rami. Sai Ogwuche ya fito. Ya taka a hankali irin na soja, ƙannensa huɗu a bayansa, ya dafa murfin akwatin.

Ya ce, "Baba Ejembi, ina da tambaya. Uwata, an ci akuyarta ko ba a ci ba?"

Baba ya ce, "An ci. Ina wurin."

Ya ce, "To ramin da na haƙa yana nan a buɗe, ban cike ba. In wadda aka ci akuyarta ba taku ba ce, ku ba ni uwata in tafi."

Ƙannensa suka kama hannayen akwatin. Samarin Obande suka yo ca, na Adikwu da suka rako gawa su ma suka miƙe. Na ce a raina yau za a haɗa gawa biyu ko uku. Fada ya fara "Jama'a, jama'a," ba mai jin sa. Har yau Agbenu tana rantsuwa ba su haɗa baki da Ogwuche ba, kuma na yarda da ita, don wanda ya ga idon mutumin nan ya san da gaske uwarsa yake so.

Baba Ejembi ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce a kawo masa kujera. Aka kawo. Ya zauna a bakin ramin, ya ce duk namijin Obande ya nemi wuri ya zauna, ojila a nan za ta ci. Tun da aka kafa garin ba a taɓa yin ojila a bakin kabari ba, balle a gaban mata da surukai, amma wa zai kori mutane daga jana'iza?

Inalegwu ya riga kowa. Ya ce, "Iyayena, kar a ruɗe mu. Gawa daban, kujera daban."

Baba ya ce, "Na ji. Maimaita mana abin da ka faɗa jiya a lasifika. Kunnena ba shi da kyau."

Inalegwu ya hau kame-kame, wai ai shi abin da yake nufi, wai a fahimce shi. Ban san wadda ta fara ba, wataƙila ni ce. Sai kawai mata muka ɗauka baki ɗaya kamar 'yan makaranta: "'Yar Obande ba ta zama ta kowa, ko ta shekara ɗari a gidan miji!" Har da kwaikwayon yadda ya ɗaga hannu. Wasu mazan suka sunkuyar da kai suna danne dariya a wurin makoki.

Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Agbenu, matso."

Ta matso ta durƙusa a cikin da'irar maza.

Ya ce, "Abin da na tambaye ki a gida har yanzu yana nan. In Obande ta ba ki, ba Adikwu muka ba wa sau biyu ba?"

Ta ce, "Baba, zangon Obande ne, da sunan ubana zan tafi. In ya ƙare, ni da hannuna zan miƙa wa Adikwu, in koma karɓar haihuwa. Ga dattawansu nan zaune, su zama shaida. Ban ce a ba ni don ni 'yarku ce ba. Ku tsayar da ni da Inalegwu ku zaɓa. Abin da nake roƙo kawai, kar a ce ba ni da gida."

Tsohon ya dubi akwati, ya dubi Ogwuche da har yanzu bai ɗauke hannunsa ba, ya dubi 'ya'yansa mata. Sannan ya ce, "Ni na kusa bin Onyeche. In na je suka ce, Ejembi, ina 'ya'yanmu mata, me ya sa suka daina zuwa, me zan ce musu? In ce na sayar da su a kan kujerar Makurdi?"

Ya sa aka miƙo masa ƙwaryar bammi. Ya miƙe da kansa, ya ƙi a riƙe shi, ya zuba a ƙasa yana kiran sunayen kakanni tun daga Obande, kakan da garin ya ci sunansa, har zuwa babanmu. Ya ce, "Ku ji, na ƙasa da na sama. 'Yar gidan nan tamu ce, tana kwance ko tana tsaye. Abin da ɗa zai nema a gidan nan, ita ma ta nema. Wanda ya sauya wannan magana, shi da ku."

Guɗar da ta tashi a wurin nan, na tabbata an ji ta a Adikwu. Ni kam na manta jana'iza ake, na rungume Inna Aladi har muka kusa faɗuwa.

Ogwuche ne kaɗai bai motsa ba. Baba ya taka ya je ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan 'yar'uwata, ka ji. Tamu ce." A hankali ya zare hannunsa daga kan akwatin. Shi ya karɓi igiya ɗaya da kansa aka saka ta, yana kuka kamar yaro. Duk murnar da nake ciki sai da na ji kunya, don shi ne ya koma gida hannu wofi. Agbenu ta bi shi har bakin rafi, ban san abin da ta ce masa ba.

Sati na zagayowa ojila ta zauna a gindin loko. Aka tsayar da su biyu, aka ce kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Mu mata muna can nesa a kan tudu muna leƙe. Layin Agbenu ya miƙe har ya karya kwana ta bayan coci. Na Inalegwu kuwa, in ka cire direbansa da abokan shan giyarsa, sauran ba su cika benci ɗaya ba. Ya yi fushi ya koma wata jam'iyya, ya manna hotunansa har a jikin bishiyoyin manja, awaki suka cinye na ƙasa-ƙasa.

Yaƙin neman zaɓen bai ba mu wuya ba. Duk ƙauyen da muka shiga akwai 'yar Obande da ke aure a ciki, kuma kowace ta ɗauki abin kamar nata. Na rufe rumfata na bi ƙanwata lungu-lungu har muryata ta dishe, mijina ya ce shi wannan zaɓe ya yi masa rana ko ba a ci ba.

An faɗi sakamako da rana tsaka a sakatariyar ƙaramar hukuma, can ɓangaren Adikwu. Ba ma sai na faɗi yawan ƙuri'u ba, ta yi musu fintinkau. Kafin jami'in ya rufe baki, samarin Obande sun kutsa sun sure ta. Direbanta yana ta ɗaga makulli yana cewa ga mota, Honarabul ga mota, ba wanda ya kula shi. Suka ɗora ta a kafaɗa suka nufi gida da ita, makaɗa a gaba, mu a baya, mutanen Adikwu suna rakiya suna cewa a riƙe musu ita da kyau.

Gadar ba ta haɗu ba tukuna, sai a wannan zangon ta ƙarasa ta. Da muka iso bakin rafi na zaci za su sauke ta. Ina! Suka faɗa ruwa da ita haka nan. A tsallake Baba Ejembi yana tsaye da sandarsa, ya sa an kawo shi tun da safe yana jira.

Na tsaya a gaɓa ina kallonsu. Na shekara sittin da wani abu ina ganin mazan Obande suna haye ruwan nan da 'ya'yansu mata a kafaɗa. Kakata, gwaggonnina, ƙawayena, duk na raka su. Ban taɓa ganin an haye da wadda take numfashi ba sai ranar.

Ita kuwa tana can sama, ɗankwali ya zame, ta riƙe kan wani yaro da hannu biyu tana ihu, "Kai Adakole, a hankali! In ka yar da ni, ni na yanke maka cibiya, na san uwarka!"

Ta waiwayo ta hango ni a tsaye ina sharar hawaye da bakin zane. Ta ɗaga murya ta ce, "Yaya, me kike jira? Taho mu je gida!"

Na tattare zanena na shiga ruwan.